Abin da bincike ya gano game da aikin shugaban makaranta: amsa ga sabon mudir a Gadarif

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sanya albarka a wannan nauyi da aka ɗora maka, ya kuma ba ka ikon sauke shi.

Ka ce an naɗa ka mudir, wato shugaba, na wata makarantar firamare a Gadarif, a gabashin Sudan, bayan ka daɗe kana koyarwa, ba tare da an ba ka horon shugabanci ba, kuma akasarin yaranka 'ya'yan Hausawa ne, ga 'ya'yan waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum da jihar Jazira sun ƙara cika azuzuwa. Kana so ka san ko binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya tabbatar da cewa shugaban makaranta yana da tasiri a kan karatun yara, kuma ko akwai abin da mutum irinka zai ɗauka daga ciki, tunda ɗaukar malamai da biyan albashinsu duk ba a hannunka suke ba.

Tasirin yana nan, kuma an daɗe ana ƙoƙarin auna shi. Muhawarar ta taso ne a Amurka a 1966, lokacin da rahoton James Coleman ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta bayyana bambancin sakamakon ɗalibai, har wasu suka ɗauka cewa makaranta ba ta da abin da za ta iya yi wa ɗan talaka. Ronald Edmonds ya mayar da martani a 1979, inda ya yi nuni da makarantun unguwannin talakawa waɗanda yaransu ke karatu da kyau, kuma cikin siffofin da ya ce sun haɗa su har da shugaba mai riƙe da ragamar aiki. Daga baya Philip Hallinger da Ronald Heck suka tattara binciken da aka yi tsakanin 1980 da 1995, suka fito da maganar da har yau ba ta rushe ba, cewa tasirin shugaba ba ya isa ga yaro kai tsaye, yana bi ne ta kan malamai, da manufar da makaranta ta sa a gaba, da yadda aka tsara aikin yau da kullum. A 2004 Kenneth Leithwood da abokan aikinsa, a wani nazari da Gidauniyar Wallace ta ɗauki nauyinsa, suka ce a cikin abubuwan da ke hannun makaranta koyarwar cikin aji ce kaɗai ta fi shugabanci tasiri, suka ƙara da cewa tasirin ya fi girma a makarantun da suka fi shan wahala. Makarantarka tana cikin waɗannan.

Akwai kuma alƙaluma, amma ina so ka riƙe su da hankali. Gregory Branch da Eric Hanushek da Steven Rivkin sun yi amfani da bayanan jihar Texas, suka ƙiyasta cewa ƙwararren shugaba yana ƙara wa ɗalibi abin da ya kai karatun wata 2 zuwa 7 a shekara guda. A 2021 Jason Grissom da abokan aikinsa biyu suka sake duba binciken shekaru ashirin, suka ce idan aka jera shugabanni 100 daga mafi rauni zuwa mafi ƙwazo, aka ɗauke na 25 aka sa na 75 a gurbinsa, yaran makarantar firamare za su samu ƙarin karatun kusan wata 3 a lissafi da kusan haka a karatu. Sai dai a 2024 Brendan Bartanen da abokansa suka nuna cewa yawancin hawa da saukar sakamakon da irin wannan lissafi ke jingina wa shugaba yana fitowa ne daga abubuwan da ke zuwa su wuce, waɗanda ba shi ya jawo su ba. A ganina wannan gyara ne mai kyau, kuma yana da amfani biyu gare ka. Kada ka yarda a auna ka da sakamakon jarrabawar shekara ɗaya, kuma kai ma kada ka auna malaminka da sakamakon zango ɗaya.

Duk waɗannan alƙaluma daga Amurka suke, inda shugaba kan sami ta cewa wajen ɗaukar malami, albashi kuma yana zuwa a kan kari. Binciken da ya faɗaɗa kallo zuwa wasu ƙasashe shi ne na Nicholas Bloom da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2015. Sun yi hira da shugabannin makarantun sakandare fiye da 1,800 a ƙasashe 8, suna tambayarsu yadda suke bibiyar koyarwa, da yadda suke sa buri, da abin da suke yi da malami mai ƙwazo da kuma mai rauni. Birtaniya da Suwidin da Kanada da Amurka ne suka zo gaba, Jamus na biye, sai Italiya da Brazil, Indiya a ƙarshe, kuma a ƙasashen da aka samu bayanan jarrabawa, makarantun da suka fi tsarin gudanarwa sun fi kyawun sakamako. Ƙungiyar OECD kuma, wadda akasarin membobinta ƙasashe masu arziki ne, tana da binciken TALIS da ake yi wa malamai da shugabannin makarantu tambayoyi a kan aikinsu, wanda zagayensa na 2018 ya ƙunshi ƙasashe da yankuna 48, har da maƙwabciyarmu Saudiyya. A matsakaicin ƙasashen ƙungiyar, shugabanni sun ce kashi 30 cikin 100 na lokacinsu yana tafiya a ayyukan ofis da tarurrukansu, kashi 16 ne kawai yake zuwa ga manhaja da koyarwa. Ke nan ko inda ake da akawu da kwamfuta da wutar da ba ta ɗaukewa, takarda tana cinye shugaba, balle kai da za ka wuni tsakanin ofishin ilimi na mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, da neman alli.

To, wane aiki ne na shugaba ya fi motsa karatun yara? Amsar da na fi dogara da ita ta fito ne daga Niyu Zilan. A 2008 Viviane Robinson da Claire Lloyd da Kenneth Rowe suka haɗa bincike 27, suka kwatanta shugabancin da ya fi mayar da hankali ga koyarwa da koyo da wanda ya fi dogara ga zaburar da ma'aikata da jawo zukatansu, suka samu cewa tasirin na farko ya ninka na biyu sau uku zuwa huɗu. Da suka rarraba ayyukan shugaba gida biyar, wanda ya yi wa sauran zarra, har ya ninka mai bi masa, shi ne shugaba ya tsara yadda malamansa za su ƙara ƙwarewa, kuma shi kansa ya zauna cikinsu ana koyon tare da shi. Wannan aiki ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izini daga ma'aikata, kuma shekarun da ka yi a aji su ne jarinka a cikinsa.

Amma akwai kuskuren da masu jin wannan magana suke yawan faɗawa, kuma bincike ya kama shi. Grissom da Susanna Loeb da Benjamin Master sun sa an bi shugabanni kusan 100 a gundumar Miami ta Amurka, ana rubuta abin da suke yi tun safe har tashi, aka buga sakamakon a 2013. Sun samu cewa yawan lokacin da shugaba ya ɓata a kan "harkar koyarwa" a dunƙule bai nuna komai ba game da ci gaban yara. Leƙa azuzuwa a tsaitsaye, wanda shi ne abin da shugabannin suka fi yi, ya zo tare da ƙarancin ci gaba, musamman a sakandare, alhali lokacin da aka ba wa zama da malami ana gyara masa aiki ya zo tare da ƙarin ci gaba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa riƙe alli. Idan mudir ya tsaya a bakin ƙofa, yara suka miƙe suka gaishe shi, malami ya ɗaga murya ya jefa tambaya ga yaron da ya san zai amsa, mudir ya gyaɗa kai ya wuce, babu abin da kowa ya koya, sai dai malamin ya ji ana sa masa ido.

Ga yadda nake ba da shawarar a yi. Ka sanar da malamin tun jiya cewa za ka shigo, ka tambaye shi abin da yake so yara su iya yi a ƙarshen darasin. Ka zauna a baya, a kan benci ko tabarmar da yara suke zaune, tun daga farkon darasi har ƙarshensa, kuma idonka ya fi zama a kan yara fiye da kan malami. Ka lura da su wa aka tambaya, ko layin gaba ne kaɗai ke magana, ko yarinyar da ke can kusurwa ta rubuta wani abu a littafinta ko kuwa ta zana layuka ne kawai don kada a ga shafinta fari. Idan ajin ya amsa da murya ɗaya, ka duba bakunan da ke motsi ba tare da sauti ba. Bayan an tashi, ku keɓe ku biyu, ka fara da abin da ya yi daidai, sannan ka kawo abu ɗaya tak da za a gyara, misali ya riƙa kiran yara uku daga baya su karanta jimlar ɗaya bayan ɗaya kafin ajin ya maimaita gaba ɗaya. Mako mai zuwa ka koma ka ga wannan abu ɗayan. Komawar ita ce ke bambanta aikinka da na muwajjih, wato sufeton makarantu, wanda zai zo daga ofis sau ɗaya ko biyu a shekara, ya duba littafin shirin darasi, ya sa hannu ya tafi.

Na san abin da zai zo maka a rai, domin kusan kowane sabon mudir a cikin al'ummarmu yana karo da shi: a cikin malaman akwai wanda ya girme ka, wataƙila ma shi ya koya maka karatu, ko kuma surukinka ne, kuma kunya ba za ta bar ka ka ce masa darasinsa bai yi ba. Hallinger, wanda ya yi shekaru yana aiki a Tailan, ya rubuta a kan irin wannan a makarantun can, inda girmama na gaba ke sa malamai su amsa umarni a fili ba tare da sun faɗi abin da ke ransu ba, sai canjin ya tsaya a baki bai shiga aji ba. Hanyar da na ga ta fi dacewa da mu ita ce wadda malaman Japan suka daɗe suna bi: malamai su shirya darasi guda tare, ɗayansu ya koyar, sauran su zauna suna kallon yadda yara ke fahimta, sannan a tattauna darasin a matsayin aikin kowa. Ka fara da kanka. Ka ɗauki aji ka koyar, ka roƙi dattijon malamin ya zauna ya gaya maka inda yara suka ɓace. Wanda aka nemi shawararsa a gaban jama'a ba ya jin an ci masa fuska idan layi ya zo kansa. Wannan ma dalili ne da ya sa nake ganin bai kamata mudir ya ajiye koyarwa gaba ɗaya ba, ko da darasi kaɗan ne a mako.

Game da takardu kuwa, akwai labarin da ya kamata kowane jami'in ilimi ya sani. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya an ƙaddamar da wani shiri na inganta gudanar da makarantu, aka tantance kowace makaranta, aka ba ta maki, aka rubuta mata tsarin gyara na musamman. Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh suka auna shirin ta hanyar kwatanta makarantun da aka zaɓa da ƙuri'a da waɗanda ba a sa a ciki ba, suka samu cewa an cike takardun kusan duka, makin da aka bayar ma yana nuna gaskiyar halin makarantun, amma koyarwa ba ta canza ba, sakamakon yara ma bai motsa ba. Duk da haka hukumomi suka ɗauke shi a matsayin nasara, aka faɗaɗa irinsa zuwa makarantu fiye da 600,000, saboda abin da ake dubawa daga sama shi ne ko an cike takarda. Za a nemi tsarin shekara da rahotanni daga gare ka, kuma wajibi ne ka bayar da su a kan lokaci, amma ka ba wakilinka kaso mai yawa na wannan aiki, ka tsare sa'o'in safe don azuzuwa.

Kada wannan ya sa ka raina gudanarwa. Wani binciken na Miami, wanda Eileen Horng da Daniel Klasik da Loeb suka buga a 2010, ya nuna cewa lokacin da shugaba ya ba wa tsara ma'aikata da kuɗi da kayan aiki yana tafiya tare da kyakkyawan sakamako. A wurinka gudanarwa tana nufin tsare lokacin karatu kafin komai. Ka ɗauki agogo ka auna da kanka minti nawa ke salwanta tsakanin ƙarshen tabur, wato jeruwar yara a layi da safe, da lokacin da malami ya fara rubutu a allo, da minti nawa hutun fatur, wato na karin kumallo, ke ƙarawa a kan abin da jadawali ya ce, da abin da ke faruwa da ajin da malaminsa bai zo ba. Idan kowane darasi ya rasa minti goma, a darussa shida an rasa sa'a guda kowace rana, kuma yaran da suka yi dogon zama a gida saboda yaƙi ba su da sa'ar da za su yi asararta.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da amana tsakaninka da malamai, kuma ita ma an yi bincike a kanta. Anthony Bryk da Barbara Schneider sun bi makarantun firamare na birnin Shikago cikin shekarun 1990, suka samu cewa makarantun da yarda ta yi ƙarfi tsakanin shugaba da malamai da iyaye sun ninka waɗanda yarda ta yi rauni a cikinsu kusan sau uku wajen yiwuwar samun ci gaba a karatu da lissafi. Sun ce wannan yarda tana ginuwa ne a kan mutunta juna, da iya aiki, da kulawa da halin mutum, da cika magana. A Sudan ta yau wannan ya fi ko'ina nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, har UNICEF ta ce a watan Oktoba na wannan shekarar yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta, malamai da yawa sun yi watanni ba albashi, makarantu da dama kuma sun zama matsugunin 'yan gudun hijira. Malamin da ya zo aji a wannan hali, alhali yana iya tafiya gona lokacin girbin riɗi ya samo abin da zai ciyar da iyalinsa, ba barazanar rubuta sunansa ce ta kawo shi ba. Ka zauna ka ci fatur da su a kwano ɗaya. Ka san wanda ke ɗauke da baƙin da yaƙi ya koro daga Madani, babban birnin Jazira, a gidansa. Idan ka raba jadawali ka raba shi a fili, kada na kusa da kai su kwashe darussan safe. Kuɗin da majalisar iyaye ta tara kuwa, ka rubuta shigarsa da fitarsa a takarda ka manna a bango inda kowa zai gani, kuma ka tabbata ba a mayar da yaro gida ba don ubansa ya kasa biya.

Akwai iko ɗaya da yake hannunka wanda ake yawan mantawa da shi, wato zaɓen wanda zai koyar da wane aji. Al'adar makarantu da yawa ita ce a kai ƙwararren malami ajin da zai zauna jarrabawar fita, a bar aji ɗaya da aji biyu ga sabon zuwa, saboda da sakamakon jarrabawa ake yabon makaranta. Ina ganin wannan kuskure ne babba, musamman a makaranta irin taka, inda yaro ke shigowa da Hausa a bakinsa ya tarar ana koyarwa da Larabcin littafi, wanda ya bambanta har da Larabcin kasuwa da yake ji. Yaron da ya fito daga halwa, wato makarantar allo, yana iya zuwa da sanin haruffa da hadda mai ƙarfi, kuma wannan alheri ne da ya kamata a gina a kansa, amma furta kalma daban, sanin abin da take nufi daban. Ka sa malami mai haƙuri da ƙwarewa, wanda yake jin Hausa, a waɗannan azuzuwa na farko, ka kuma sake masa mara ya yi bayani da harshen da yaron ke fahimta kafin ya mayar da shi ga Larabci.

Rashin horon da ka yi kuka da shi ba kai kaɗai ya shafa ba. Tony Bush da George Oduro sun nuna a 2006 cewa a yawancin ƙasashen Afirka ana naɗa shugaban makaranta ne bisa daɗewa a koyarwa, ba tare da shiri ko rakiya ba. Ingila ta ƙirƙiro takardar shaidar shugabancin makaranta a 1997, Singafo kuma tun 2001 take cire waɗanda za ta naɗa daga aiki na tsawon watanni don horo, rahoton UNESCO na sa ido kan ilimin duniya da aka fitar a 2024 ma kacokan a kan shugabanci ya tsaya. Sudan tana da tarihin horar da malamai tun kafa Bakht ar-Ruda kusa da Duwaim a 1934, amma kafin irin wannan dama ta iso gare ka, ka nemi mudirai uku ko huɗu na makarantun da ke kusa, har da shugabar makarantar 'yan mata, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, kowa ya kawo matsala guda ta gaske a tattauna.

Abin da zan so ka fara da shi a wannan zangon shi ne sanin matakin karatun kowane yaro, domin yaƙi ya hargitsa alaƙar da ke tsakanin shekarun yaro da ajinsa da abin da ya iya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tana amfani da takarda guda tun 2005 don wannan aiki, mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari, ana zama da yaro shi kaɗai na 'yan mintuna a ga inda ya tsaya. Ku rubuta irinta da Larabci kai da malamanka, ku gwada yaran aji biyu zuwa aji shida, ku ware lokaci kowace rana da za a haɗa yara bisa matakin da suka tsaya maimakon ajin da aka rubuta su, sannan ku sake gwadawa da wata takardar mai kama da ita a ƙarshen zango. Sakamakon farko ka nuna wa malamai da majalisar iyaye shi ba tare da sunan malami a jikinsa ba, na biyun kuma ka ajiye shi kusa da na farkon lokacin da za ku zauna rabon azuzuwan shekara mai zuwa.